Askin Juma'a a Alhilla Kuku

Na sauka Khartum da jaka ɗaya, da farar ambulan mai ɗauke da takardun shaidar karatuna, da kuma Larabcin da nake jin duk Funtuwa babu wanda ya kamo ƙafata a kansa. Shekarata ashirin da uku. Soja sun yi 'yan shekaru a kan mulki, duk inda ka waiga kaki ne, amma ban sa abin a raina ba. Karatu na zo yi.

Larabcin ne ya fara ba ni kunya. A babbar tashar motoci ta tsakiyar gari na tsaya gaban wani kwandasta, na jera masa tambaya da wasullanta cif-cif kamar mai karanta huɗuba. Ya saurare ni har na dire, sannan ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, "Sadaƙallahul azim." Duk motar ta kwashe da dariya. Amsar da ya ba ni bayan nan ban tsinci ko kalma uku a cikinta ba.

Shi ya sa kwana biyu bayan haka, da na ji Hausa a bayana, na juya kamar wanda ya ji muryar uwarsa. Ina tsaye ne a dogon layi a ƙofar wani ofis, inda aka ce sai an buga wa takarduna hatimi kafin jami'a ta karɓe su. Mai maganar wani mutum ne tsaf-tsaf, jallabiyarsa fara sol, da biro uku a aljihu. Ya ce sunansa Sale, kakanninsa Kanawa ne.

"Ɗan'uwa, wannan layin da ka gani, wasu tun makon jiya suke bin sa," in ji shi. "Kawo nan, ina da mutum a ciki. Je ka zauna wajen mai shayin can, kafin ka shanye kofi na fito."

Na miƙa masa ambulan ɗin da abin da ya ce ana biya. Allah ya taimake ni fasfona yana aljihun ciki, ban tuna da shi ba. Na zauna tun hantsi har aka kira la'asar. Sai da masu gadi suka fara rufe ƙofa na gane ginin yana da wata ƙofar ta baya.

Ban san na yi magana a fili ba. "Na shiga uku," kawai na ce. Mai shayin, wata dattijuwa siririya da ta yini tana zuba mini ba tare da mun ce wa juna uffan ba, ta ajiye butarta ta dube ni.

"Ɗan nan, ashe kai namu ne?" Hausarta irin ta kakata ce, sai dai Larabci yana leƙowa ta tsakiya. "Da ka buɗe baki tun safe da na ce maka kul. Na zaci tare kuke da wancan ɗan banzan."

Sunanta Hajja Kaltume. Ta sa na faɗa mata komai. Washegari ita ta raka ni jami'a, inda aka gaya mini cikin ladabi cewa babu rajista sai da takardun asali. In rubuta gida a nemo mini wasu, amma kafin su iso an rufe ɗaukar bana. Na fito na tsaya a rana ban san gabas ba. Hajja ta ce, "Ɗauko jakarka. Ba a bar ɗan Musulmi a masaukin haya yana kuka da daddare ba." Da la'asar sakaliya muka hau ƙaramar bas, muka haye gada zuwa Bahri, muka yi ta tafiya har Alhilla Kuku.

Gidan na ƙasa ne, ɗaki biyu da rumfa a tsakar gida, da randa biyu a kan ƙarfe. A ƙarƙashin rumfar, a kan gadon igiya da suke kira angarib, na tarar da maigidan, Baba Haruna. Dogo ne ƙwarai, ana ganin ya yi ƙarfi a zamaninsa. Ɓarin jikinsa na hagu ya yi sanyi, hannun dama kuma ba ya daina rawa. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne wuyansa. Farin gashi ya taso daga haɓa ya gangara har cikin riga kamar ciyawar da ta cinye gona, fatar ƙarƙashi duk ta yi ja saboda susa.

"Daga wane gari?"

"Funtuwa, Baba."

"Garin auduga!" Ya yi ƙoƙarin miƙewa zaune. A goye aka fito da shi daga ƙasar Katsina, iyayensa suna hanyar Makka. Suka tsaya a Jazira su yi tsinkar auduga ta shekara ɗaya su sami guzuri, shekara ɗaya ta zama kabarinsu. Shi ma ya yi shekara arba'in a cikin audugar kafin ya dawo birni. Yammacin ranar bai tambaye ni abin da ya same ni ba. Tambayarsa ita ce ko har yanzu ana ba wa shanu angurya a wajenmu.

'Yarsu Amna, wadda ke ɗinki a kasuwar unguwar, ita ta nuna mini inda zan kwana. Fuskarta babu walwala. "Gadon Usman ne, akhui, ɗan'uwana. Ka kwana, amma kada ka taɓa kayansa." A kan taga akwai ɓallen madubi, da buroshin aski, da wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli. Daga baya na ji labarin. Usman shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, mai walda ne a Bahri. Wata biyar da suka wuce soja suka tare motar da yake ciki suka sauke samari, aka tafi da su bautar ƙasa ta dole. Wasiƙa ɗaya ta zo daga sansani, sai kuma labari ya zo an tura su kudu, inda ake yaƙi.

Na rubuta wa yayana wasiƙa, na zauna jira. Makonnin farko sun yi mini tsawo. Kisra, wainar dawa mai tsami da suke ci rana da dare, ta ƙi wuce mini maƙogwaro. Ina tauna ina tuna tuwon mahaifiyata. Ban taɓa faɗa ba, amma wata Juma'a Hajja ta ajiye kwano a gabana ta wuce. Na buɗe, tuwo ne da miyar kuka har da daddawa. Ban san inda ta samo ba. Na juya wa tsakar gida baya na ci.

Ita ce kuma ta samar mini abin yi wajen ɗan ƙaninta, Idi, mai tsire a gefen kasuwar Omdurman. A can agashe ake ce wa tsire, har Larabawan ma da sunan suka san shi. Aikina na rana ne: in fere nama, in daka ƙuli da yaji, in jera a tsinke kafin ya hura wuta da yamma.

Wata safiya a bakin gada motarmu ta tsaya ba a tasha ba. Soja biyu suka leƙo. "Samari, ƙasa." Muka sauka mu bakwai, aka jera mu a jikin wata babbar mota. Na kusa da ni yana riƙe da ledar burodi. Da aka zo kaina na miƙa koren fasfona. Sojan ya juya shi, ya dubi hoton, ya dube ni, ya cilla mini. Ni kaɗai na koma cikin motar. Wata mata ta yi ta kiran sunan ɗanta ta taga har muka hau gada. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Nawa ruwan yana aljihu, na sauran babu. Tun daga ranar na daina ganin gadon da nake kwana a kai a matsayin gado kawai.

Ba a daɗe ba Amna ta zo da labari. Wanda shi kaɗai ne namiji ga uba marar lafiya, ana iya roƙo a sallame shi. Sau biyu suka je ofishin soja ita da Hajja, sau biyu ana ce musu sai uban ya zo da kansa kwamiti ya gan shi. An ba su wata Lahadi, saura mako biyar.

Baba ya ce ba inda za shi.

"Da wannan wuyan? Shekara arba'in ban taɓa tsayawa gaban mai duba gona ba sai wuyana na sheƙi. Yau ne zan je gaban soja kamar wanda aka kamo daga daji?"

"Yaba, ai so ake su ga ba ka da lafiya!" in ji Amna, haka take kiran uban.

"Su ga ba ni da lafiya. Kada su ga ba ni da mutunci."

Na tambayi Hajja a gefe me ya hana a kira mai aski. Ta ce an kira, bayan tafiyar Usman da mako biyu. Mutumin yana sauri, ya yanke shi a ƙarƙashin muƙamuƙi. Baba yana da ciwon suga, yankan da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya ruɓe, sai da aka yi wata ɗaya da rabi ana zaryar asibiti. Likita ya ja musu kunne. Tun daga nan Baba ya rantse babu baƙon hannun da zai sake zuwa wuyansa. Usman ne kaɗai ya san shi, shi yake yi masa kowace Juma'a tun da hannunsa ya fara rawa.

Har yau ban san abin da ya tura ni ba. Wataƙila tuwon nan ne, wataƙila ledar burodin. Na je na durƙusa gaban angarib na ce, "Baba, ni zan yi maka."

"Ka taɓa yi?"

"A'a. A gida wanzami ke zuwa zaurenmu."

Ya daɗe yana kallona. "To fara da naka wuyan. In ya rage saura, ka zo mu gani. Amna, ba shi makana."

"Yaba, ta Usman ce!"

"Tawa ce kafin ta zama tasa. A Madani, can Jazira, na saye ta kafin a haife ki."

Ba aska ba ce irin ta wanzaman gida. Ɗan ƙarfe ne mai nauyi da gajeren mariƙi. In ka murɗa mariƙin sai kan ya rabu biyu, ka kwantar da reza mai baki biyu a tsakiya, ka mayar ka ɗaure, bakin rezar ya ɗan leƙo dama da hagu. Su makana suke ce mata, rezar kuwa mus. Na dube ta na ce ai wannan ko yaro ya iya. Da safe na shafa sabulun wanki, na kafa ta a gindin wuya, na ja ta sama da ƙarfi. Kafin in gama kumfar ta zama ja. Na tafi aiki da guntayen takarda bakwai manne a wuya.

Maƙwabcin Idi a kasuwa wani mai aski ne, Usta Attayib, gajere mai tumbi, ba ya jin Hausa ko ta sannu. Usta laƙabi ne da suke ba wa gwanin sana'a. Yana shan shayi a ƙofar shagonsa ya hango ni.

"Ya zol," wato kai mutumin nan, "da kyanwa kuka kwana?"

A lokacin kunnena ya fara sabawa da Larabcin titi. Na ba shi labarin Baba, da Usman, da Lahadin da ke tafe. Dariyar ta bar fuskarsa. Ashe ɗan ƙanwarsa ma yana hannun soja. Ya ce, "Gobe ka zo da makanar. Kuma kada ka sake taɓa wuyan nan sai bayan kwana huɗu."

Darasin farko babu reza a cikinsa. Ya zaunar da ni, ya ce in rufe ido in bi wuyana da yatsa, in gaya masa inda gashi ya kwanta. Shekara ashirin da uku ina ɗauke da wuyan nan ban san shi ba. Ƙarƙashin haɓa gashin ƙasa yake kallo. Can gindi kuma sama yake kallo. A dama akwai wani wuri da ya murɗe kamar guguwa. Usta ya ɗauki guntun sabulu ya zana mini kibiyoyi a jikin madubinsa. "Wannan ce taswirarka. Ta wani daban ce. Ka bi gashi inda ya nufa, kada ka tare shi a gaba. Kai jiya duk tare shi ka yi."

Na biyu shi ne nauyin hannu. Ya cire rezar ya ba ni makana tsirara, na yi ta ja a kumfa yana buge mini hannu. "Barraha! Sannu! Tukunya kake kankarewa? Wanda ya ƙera ta ya riga ya sa mata nauyin da take bukata, naka na mene ne?" Ya koya mini riƙo da yatsa uku can ƙarshen mariƙi. Ya nuna mini yadda ake ɗora kan a fata mariƙin yana kallon waje, a riƙa sauko da shi a hankali har bakin ya fara kama gashi. A nan ake tsayawa. Da ya mayar da rezar ya ce in kasa kunne. Na ji wani ɗan ƙaras-ƙaras, siriri, kamar ana taka busasshiyar ciyawa daga nesa. "In ka ji wannan, gashi take ci. In ta yi shiru, ko dai ba ta cin komai, ko kai take ci."

Haka na yi mako biyu. Kwana biyu-biyu nake yi wa kaina, da ruwan ɗumi da sabulun aski na gaske, ja gajere gajere, in wanke makana, in sake. Zakaran wuya ya fi ba ni wahala, sai da Usta ya nuna mini ba a hawa kansa. Fatar ake ja gefe da yatsa a aske ta a kan wuri mai laushi, a sake ta ta koma. Kowace safiya kafin in fita sai Baba ya ce in matso. Ya sa hannunsa mai rawa ya shafa wuyana. "Uku," in ji shi, yana nufin yanka. Bayan kwana biyu, "Biyu." Ranar da bai ce komai ba, ya dai kau da kai yana murmushi, na tafi Omdurman kamar an ba ni sarauta.

Na ce wa Usta ya zauna in gwada a kansa. Ya dafe ƙirji. "Ni? 'Ya'yana biyar!" Na fassara masa cewa a wajenmu ana cewa wanzami ba ya son jarfa, ya yi dariya har da tari. Amma ya ce gaskiyata, wuyan saurayi ba shi ne wuyan tsoho ba. Ya kira wani dattijo ɗan dako da ke hutawa a inuwar shagon, ya ce ga aski kyauta. Fatar mutumin ta saki, duk ninki ce. Usta ya sa na goga alif a yatsun hagu don kada su zame, in miƙe fata tsakanin babban yatsa da manuni, in aske iyakar abin da na miƙe, faɗin kwabo, sannan in matsa gaba.

Ina cikin jin daɗin kaina, na kusa gamawa, sai jini ya tsarto ta cikin kumfa. Wani ɗan tsiro ne a gefen wuya, ban gan shi ba. Dattijon ya ce ba komai, ya saba da abin da ya fi haka. Usta bai yi dariya ba wannan karon. Ya danna masa alif, ya sallame shi, sannan ya juyo.

"Da tsohonka ne wannan fa?"

Ya ɗaga buroshin a gabana.

"Abin da kumfa ta rufe ba ta ɗauke shi ba. Kafin ka shafa, ka haddace wuyan kamar yadda ka haddace Fatiha."

Saura kwana goma sha biyu. Ranar na koma gida da niyyar in ce wa Baba a nemi wata dabara. Na tarar Amna ta wanke jallabiyarsa ta shanya, Hajja kuma ta fito da rawaninsa daga akwati tana kakkaɓewa. Na haɗiye maganata. Na koma wajen ɗan dakon nan na roƙe shi, shi kuma ya kawo mini abokansa. Tsofaffi biyar na aske a shagon Usta kafin ranar, ban fitar da jinin ko ɗaya ba. A gida kuma kowace safiya ina rage gashin Baba da almakashi, ina gasa masa wuya da tsumma mai ɗumi, ina shafa man riɗi don wuraren susa su warke. Da haka na haddace shi: tabon tsohon yankan a hagu, tsiro biyu a ƙarƙashin kunnen dama, da wani rami kusa da ƙashin wuya inda gashi ya kwanta a karkace.

Ranar Alhamis Usta ya miƙo mini ƙunshin reza sabo da dunƙulen alif. Na fara godiya ya katse ni. "Ka tafasa makanar. Sabon mus. Kuma kada ka nemi ya yi santsi kamar kwalba, bi ɗaya ya isa. Tafi."

Juma'a muka zaɓa, don in fata ta yi fushi ta huce kafin Lahadi. Da hantsi na jingina kan Baba da bango, na sa masa matashi. Amna ta riƙe kwanon ruwa. Hajja ta zauna a bakin murhu ta ba mu baya, carbi na gudu a hannunta. Na gasa wuyan, na buga kumfa, na shata iyakar gemu da yatsa yadda ya ce yana so, zagaye, yatsa biyu sama da zakaran wuya. Na yi bisimilla na ɗora.

Ƙaras. Ƙaras. Na wanke. Ƙaras.

Baba ya fara ba ni labarin wata shekara da tsutsa ta cinye auduga. Na ce, "Baba, don Allah shiru." Ban taɓa ce wa babba haka ba. Ya yi shiru. Na kewaye tsiron nan biyu, na bi gefen tabon ban hau shi ba. Zufa na shiga mini ido, ba hannun sharewa. Na zo tsakiya, na ja fatar gefe, na ɗora makana. Sai na ji wani abu ya motsa a ƙarƙashin yatsuna na hagu, can ciki. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya ɗaga. Tari ya turnuƙe shi, kansa ya yi gaba da ƙarfi, daidai inda rezar take ɗazu. Ruwan kwanon ya zube a ƙafar Amna.

Na jira ya lafa, na ba shi ruwa, na sake buga kumfa, na ƙarasa.

Alif ba ya ƙarya, duk inda aka yanka sai ya ciza. Na jiƙa shi na bi wuyan tun daga kunne har kunne.

"Ina ya yi zafi, Baba?"

"Babu."

"Ko kaɗan?"

"Na ce maka babu. Kawo madubi."

Ya daɗe yana kallo, yana juya kai dama da hagu. Farin gemu ya zauna zagaye, ƙarƙashinsa fata baƙa sumul. Sai ga wani mutum daban ya fito, wanda ban taɓa gani ba, wanda su kuma suka yi wata bakwai ba su gani ba. Hajja ta juyo ta dube shi sau ɗaya, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Kaltume," in ji shi, "rawanina. Masallaci za ni."

A kafaɗata ya dogara har masallacin unguwa. Tafiyar da ba ta fi ta minti biyar ba ta ɗauke mu rabin sa'a, saboda kowa sai ya tsaya ya rungume shi. Wani ya tambaye shi wane gwani ne ya yi masa gyara. Ya buga ƙirjina da bayan hannu. "Ɗana ne na Najeriya." Na sha yabo a rayuwata daga baya, daga malamai da manya, amma babu wanda ya kai mini wannan har ƙashi.

Ranar Lahadi muka je. Farfajiyar cike take da iyaye mata da tsofaffi riƙe da takardu. Da aka kira mu, hafsan da ke tsakiyar tebur ya ɗago kai ya ga dogon tsoho cikin farar jallabiya da rawani, sai ya miƙe ya ce a kawo wa Alhaji kujera. Baba ya ce zai zauna in ya gama. A tsaye ya yi maganarsa, ina tallafe da shi ta hagu: sunansa, shekarunsa a auduga, ɗansa ɗaya. Bai roƙa ba, bai yi kuka ba. Ya ɗaga hannunsa mai rawa ya ce, "Ga abin da ya rage mini na aiki. Ku duba." Suka karɓi takardar, suka ce za a duba. Iyakar abin da muka samu ke nan.

Takarduna sun iso daga gida, shekara ta zagayo na shiga jami'a. An ba ni gado a ɗakin ɗalibai, na ce a ba wani. Kowace Juma'a da hantsi ina ƙarƙashin rumfa da kwanon ruwa.

Bayan wata takwas Usman ya dawo. Har yau ba mu sani ba ko takardar ce ta yi aiki ko zazzaɓin da ya kusa kashe shi. Ya shigo da rana tsaka, ƙashi da fata, gashi ya cika masa fuska. An yi guɗa, an yi kuka, an yanka rago. Ni kuwa na kwashe kayana daga gadonsa na koma tabarma. Ya gaishe ni sau ɗaya, da Larabci, bai ƙara ba. Ina lura da idonsa yana bin hannuna in na miƙa wa Baba buta. Ba ya son a zo ta bayansa. Ko Amna ce ta taɓa kafaɗarsa ba zato sai ya zabura.

Da Juma'a ta zo na tafasa makana, na sa reza, na haɗa komai a faranti, na kai gabansa. "Ga amanarka," na ce. Ya karɓa bai dube ni ba. Ya buga kumfa da gwaninta, na ga hannun da ya san aikin ya fi nawa. Ya shafa wa uban. Ya ɗauki makana ya kai ta kusa da wuya. A nan hannun ya tsaya. Sai ya fara rawa, ƙarfen yana ƙyalƙyali a rana. Ya daɗe a haka. Sannan ya ajiye ta a faranti a hankali, ya tashi ya fita waje.

Baba bai bi shi da kallo ba. "Lawal," ya ce da ni, "zo ka ƙarasa, kumfa na bushewa."

Na ƙarasa. Na bi da alif, na share masa wuya. Ina tsugune ina wanke buroshi sai na ga inuwa ta faɗo a kan kwanon. Usman ne. Ya jawo kujerar tsuguno ya ajiye a jikin bango kusa da ubansa, ya zauna, ya ɗora hannuwansa a gwiwa ya danne su.

"Ɗan Najeriya," ya ce, da Hausa wannan karon, tana fita da ƙyar. "Akwai sauran mus?"

Na ce akwai.

Ya jingina kai da bango, ya rufe ido, ya ɗaga haɓa.

Na zubar da ruwan, na ce wa Amna ta ɗumama wani.